MARIYA KURI, MACEN DA TA GANO RADIYAM (1867-1934)

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, na zaɓi in ba ku tarihin wata Baturiya wadda ta rasu tun 1934, watau tun kafin a haifi kakannin yawancinmu. Sunanta Mariya Kuri, Turawa kuwa suna rubuta shi Marie Curie. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk wanda aka ɗauka hoton ƙirji ko na karaya a asibitin Birnin Kebbi ko na Argungu, da duk wanda aka tura Sakkwato ko Zariya domin gashin ciwon daji, ya ci moriyar ilimin da ta ƙare rayuwarta tana yi wa hidima. Abin da ya sa tarihinta ya tsaya mini a rai shi ne, abin da ta gano yana warkarwa yana kuma kashewa, har ita kanta bai bar ta ba. Garkuwar da ta rasa a zamaninta kuwa, masanan da suka biyo bayanta suna samo ta daga jikin ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya iya gani.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haife ta ran 7 ga Nuwamba, 1867, a birnin Warso na ƙasar Polan, shekaru kaɗan bayan rasuwar Nana Asma'u 'yar Shehu. Ita ce autar 'ya'ya 5. Ubanta malamin lissafi da fiziks ne, uwarta kuwa shugabar wata makarantar kwana ta 'yan mata. A zamanin nan Warso tana hannun Sarkin Rasha, kuma da harshen Rasha ake karatu a makarantun gwamnati, ba da na 'yan ƙasa ba. Da hukuma ta hana yin gwaje-gwajen kimiyya a makarantu, sai ubanta ya kwaso kayan gwajin ya kawo gida, ya riƙa nuna wa 'ya'yansa yadda ake aiki da su.

Wahala ta same ta tun tana ƙarama. An rage wa ubanta muƙami, har ya zama sai sun karɓi 'yan makaranta suna kwana a gidansu suna biya kafin a sami na cefane. A 1876 babbar yayarta ta rasu da wani zazzaɓi irin wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa. A 1878 kuma uwarta ta rasu da tarin fuka, sa'an nan Mariya tana da shekara 10. Duk da haka ba ta yi sanyi ba. Ta gama sakandare a 1883 tana da shekara 15, aka ba ta lambar zinariya saboda ƙwazo.

To, sai dai Jami'ar Warso ba ta ɗaukar mata. Mariya da yayarta Broniya suka shiga wata makarantar ɓoye da ake kira Jami'a Mai Tashi, domin kullum sai ta sake gida kada 'yan sanda su gano ta. Daga baya suka ƙulla wata yarjejeniya mai kama da adashi. Mariya za ta yi aikin ƙwadago ta riƙa aika wa Broniya kuɗi ta karanta likitanci a Paris, in ta gama ita kuma ta ɗauki nauyin ƙanwarta. Haka kuwa aka yi. Daga 1886 Mariya ta yi kusan shekara 3 a wani ƙauye tana koyar da 'ya'yan wasu masu hali, in ta sami sarari kuma ta tara 'ya'yan talakawa ta koya musu karatu da harshensu, alhali kuwa yin haka laifi ne a wurin hukuma.

KARATUNTA A FARANSA

Kwasarta ta zo a ƙarshen 1891, ta tafi Paris ta shiga Jami'ar Sobon. Ta kama wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufin bene. Da hunturu sanyi kan sa ta sanya duk tufafin da ta mallaka kafin ta iya barci, abincinta kuwa sau da yawa burodi ne da shayi, har akwai lokacin da ta suma don yunwa. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fiziks, a 1894 kuma ta zo ta biyu a ta lissafi. A shekarar ce ta haɗu da wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Piyer Kuri. Suka yi aure a watan Yuli, 1895, suka sayi kekuna biyu da kuɗin gudunmawar biki. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, Irin a 1897, da Ef a 1904.

YADDA TA GANO RADIYAM

A 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Da shi ake ɗaukar hoto a asibiti har yau. A 1896 kuma wani Bafaranshe, Bekerel, ya lura cewa ma'adinin yuraniyam yana fitar da wani ɓoyayyen haske shi kaɗai, ba tare da wuta ko rana ko lantarki ba. Irin wannan haske mai ratsa jiki shi ake kira radiyeshan. Mutane duk suka ruga wajen hasken Rontgen, ita kuwa Mariya ta zaɓi ta bi diddigin na Bekerel.

Ta yi aiki da wani ma'auni mai kama ƙanƙanin lantarki, wanda mijinta da wansa suka ƙera. Ta ga ko an jiƙa yuraniyam ko an busar da shi, ko an niƙa shi ko an haɗa shi da wani abu, ƙarfin hasken bai dogara da kome ba sai yawan yuraniyam ɗin. Saboda haka ta ce lalle daga cikin ƙwayar zarra hasken yake fitowa. Wannan babbar magana ce, domin a lokacin masana da yawa sun ɗauka ƙwayar zarra dunƙulalliya ce, ba abin da ke faruwa a cikinta.

Daga nan ta auna wani baƙin dutse mai nauyi wanda ake ciro yuraniyam daga cikinsa, sai ta ga haskensa ya ninka na yuraniyam tsantsa kusan sau 4. In ka sha fura ka ji zaƙinta ya wuce na sukarin da ka ga an zuba, ai ka san akwai wani abu a ciki. Haka ita ma ta gane akwai wani sinadari a dutsen da ba wanda ya san shi. Mijinta ya ajiye nasa binciken ya kama mata. A watan Yuli, 1898, suka ba da sanarwar sinadari na farko, ta raɗa masa poloniyam don tunawa da ƙasarta. A watan Disamba na shekarar suka ba da sanarwar na biyu, watau radiyam.

Faɗi a baki daban, nunawa a zahiri daban. Sai da suka sa aka kawo musu buhunan tarkacen dutsen nan daga wata mahaƙa a ƙasar Bohemiya. Ɗakin aikinsu wata tsohuwar rumfa ce mai yoyo, inda a da ɗaliban likitanci ke feɗe gawa. Mariya takan yini tana tuƙa tafasasshen dutsen a tukunyar ƙarfe da muciyar ƙarfe mai kusan tsawonta, ta tace, ta sake dafawa, hayaƙi yana shiga mata ido da ƙirji. Bayan shekara 4, a 1902, ta sami kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyam, watau kusan nauyin ƙwayar shinkafa biyar. Da dare kwalaben sukan yi wani haske shuɗi-shuɗi a cikin duhu, ita da mijinta su tsaya suna kallo cikin murna. Takan sa su a aljihu, ta ajiye su a aljihun tebur, ba ta san abin da suke yi wa jikinta ba.

A 1903 ta sami digirin dakta, aka kuma ba su kyautar Nobel ta fiziks, ita da mijinta da Bekerel. Da farko an so a bar sunanta, sai da mijinta ya nuna bai yarda ba. Ita ce mace ta farko da ta sami wannan kyauta. Wani abin da ya ƙara mini ganin girmansu shi ne, sun ƙi su yi rajistar hanyar tace radiyam da sunansu, ko da yake da sun yi da sun zama attajirai. Suka buga ta a fili domin kowa ya amfana.

MAGANI DA YAƘI

A 1901 aka ga alamar cewa radiyam yana ƙuna. Bekerel ya sa wata 'yar kwalbarsa a aljihun riga, fatar wurin ta ƙone. Piyer kuwa da gangan ya ɗaura shi a hannunsa awa 10, ya sami gyambon da ya yi makonni bai warke ba. Likitoci suka ce, in yana kashe lafiyayyar tsoka, ai zai kashe tsiron ciwon daji. Mafarin gashin ciwon daji da radiyam ke nan.

Ran 19 ga Afrilu, 1906, ana ruwan sama, keken doki mai ɗaukar kaya ya take Piyer a kan titi a Paris, ya mutu nan take. Aka bar Mariya da marayu biyu tana da shekara 38. Jami'a ta ba ta kujerar mijinta, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sobon. A 1911 aka sake ba ta kyautar Nobel, wannan karon ta kemistiri. Har yau ba wanda ya sami kyautar a fannonin kimiyya biyu daban-daban sai ita.

A 1909 Jami'ar Paris ta haɗa kai da Cibiyar Pasteur, watau cibiyar nan mai binciken ƙwayoyin cuta, suka shirya gina Cibiyar Radiyam. Aka gama ta a 1914. Gini biyu ne da lambu a tsakani, ɗaya na Mariya mai binciken radiyam kansa, ɗaya na wani likita, Claudius Regaud, mai binciken abin da hasken ke yi wa jiki. Ku riƙe wannan, domin za mu sake ganin ilimin radiyam da na ƙwayoyin cuta sun haɗu.

Ana gama ginin sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Mariya ta ga ana yanke wa sojoji ƙafa da hannu don likita bai san inda harsashi ya maƙale ba. Ta bi masu arziki tana roƙon motoci, ta ɗora wa 20 daga ciki na'urar hoton asibiti, ta kuma kafa wasu kusan 200 a asibitocin fagen fama. Ta koyi tuƙi da gyaran mota, ta ɗauki 'yarta Irin mai shekara 17 ta zama mataimakiyarta, ta horar da mata kusan 150. An ƙiyasta sojojin da aka duba da waɗannan na'urori sun haura miliyan ɗaya. Duk wannan aiki ta yi shi ba tare da wata garkuwa ta kirki tsakaninta da hasken ba.

Bayan yaƙi, ita da ta gano radiyam ba ta da kuɗin sayensa, domin giram ɗaya ya kai dala 100,000. Matan Amurka suka yi karo-karo suka saya mata, Shugaba Harding ya miƙa mata kyautar a 1921.

CUTARTA DA RASUWARTA

Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace kuma tana ɗauke da wani siririn zare wanda aka rubuta tsarin halittarta a kai. Radiyeshan yana tsinka wannan zare, yana kuma farfasa ruwan cikin ƙwayar ya zama guba. Ƙwayoyin da suka fi saurin hayayyafa su suka fi jin jiki. Shi ya sa yake kashe ciwon daji, shi ya sa kuma yake lalata ɓargo da bangon hanji da saiwar gashi. Ɓargo kuwa shi ne maƙerar jini. In ya tsaya, mutum ya rasa ƙarfi, jininsa ya ƙi daskarewa, ƙaramar cuta ma ta kayar da shi.

A shekarun 1920 aka ga 'yan mata masu shafa fentin radiyam a fuskar agogo a Amurka suna mutuwa, muƙamuƙinsu yana ruɓewa, domin sukan lashi burushin su daidaita bakinsa. Ita ma Mariya yatsunta sun ƙone sun yi kanta, yana ta rufe mata ido har aka yi mata aiki fiye da sau ɗaya, gajiya kuma ba ta rabuwa da ita. Ran 4 ga Yuli, 1934, ta rasu a wani asibiti a tsaunukan Faransa tana da shekara 66, ɓargonta ya daina yin jini. 'Yarta Irin, wadda ita da mijinta suka sami kyautar Nobel a 1935, ta rasu a 1956 da ciwon dajin jini. A 1995 aka mai da ƙasusuwan Mariya maƙabartar manyan Faransa cikin akwati mai rufin dalma. Littattafan da ta rubuta sakamakon gwajinta a ciki ma a akwatunan dalma ake ajiye su, domin radiyam sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Kada mu ɗauka wannan haɗari na ƙasashen Turawa ne kawai. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Mutanen Afirka ta Yamma suka tsorata, domin daga Sahara iskar hunturu ke kwaso mana ƙura. A watan Janairu, 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a kan waɗannan gwaje-gwaje. A maƙwabciyarmu Nijar kuma, an fara haƙo yuraniyam a Arlit a 1971.

GARKUWA DAGA BAKTERIYA

Darasin farko da aka koya daga mutuwar irin su Mariya shi ne a tsaya nesa da hasken, a taƙaita lokacin zama kusa da shi, a kuma sa dalma ko kauri na kankare a tsakani. Shi ya sa mai ɗaukar hoto a asibiti yake laɓewa bayan bango. Amma duk waɗannan daga waje suke karewa. In hasken ya riga ya shiga jiki fa, ko in dole ne a gasa majinyaci? A nan ne aka juya wajen bakteriya. Ba dukkansu ke kawo cuta ba. Su ne ke mai da madara ta zama kindirmo, wasunsu kuma a hanjinmu suke zaune suna taimakonmu.

A shekarun 1950 masu bincike a Amurka suka ga in aka yi wa ɓeraye allurar wani sinadari da aka ciro daga ɓawon bakteriya kafin a haska su, da yawansu sukan rayu, ɓargonsu kuma ya farfaɗo da wuri. Dalili shi ne, jiki yakan ɗauka mahara ne suka shigo, sai ya ɗaura ɗamara, kamar yadda in an buga gangar yaƙi akan rufe ƙofofin birni tun abokan gaba ba su iso ba. Illar wannan sinadari ita ce shi kansa guba ne mai sa zazzaɓi mai zafi, don haka aka shiga neman wanda ya fi shi sauƙi.

A 1956, a jihar Oregon, wani masani mai suna Arthur Anderson ya haska naman gwangwani da radiyeshan mai ƙarfin da ya kamata ya kashe kome, amma naman ya ruɓe. Da ya duba sai ya sami wata ƙwaya, Deinococcus radiodurans, mai jure ninki dubu na abin da ke kashe mutum. Ko zarenta ya tsittsinke, cikin 'yan awoyi takan ɗinke shi. An gano tana tara sinadarin manganis wanda ke kare ma'aikatan gyaran nan daga guba, kuma ruwan da aka tace daga jikinta ya kare ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin gwaji.

A 2008 wani masani, Andrei Gudkov, da abokan aikinsa suka ba da labarin wani magani da suka sarrafa daga wutsiyar da ƙwayar Salmonella ke iyo da ita. Ita wannan ƙwaya dangin mai kawo taifot ce. Maganin, wanda aka raɗa wa suna entolimod, ya hana ƙwayoyin hanji da na ɓargo mutuwa, ya ceci ɓeraye da birai daga hasken da ya isa ya kashe su.

Wanda ya riga ya shiga hannun likitoci shi ne filgrastim. An ɗauki wani yanki na zaren halittar mutum an dasa wa ƙwayar E. coli, sai ta riƙa ƙera sinadarin da ke umurtar ɓargo ya yi fararen ƙwayoyin jini. Tun 1991 ake ba masu ciwon daji shi, a 2015 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba wanda radiyeshan mai yawa ya buga. Ɓargon nan da ya tsaya wa Mariya, ga ƙwayar da ba ta kai ƙura girma ba an sa ta tana taimakonsa. Ashe gaskiyar Hausawa ne, abin da ka raina shi kan tsone maka ido, wani lokaci kuma shi kan cece ka.

ABIN KOYI

Ni dai abu uku na ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, ilimi yana da haɗarinsa, don haka in malami ya ce kada a taɓa wani abu a ɗakin gwaji, ko likita ya tambayi mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauke ta hoto, to a bi, domin da rayukan mutane aka sayi waɗannan dokoki. Na biyu, ba mai gama aiki shi kaɗai. Mariya ta gano radiyam, ba ta ɓoye iliminta ba, shi ya ba na baya damar neman garkuwar, kuma har yanzu akwai sauran aiki. Na uku, ga iyayenmu nake miƙa shi cikin ladabi. Da uban Mariya ya ce 'ya mace ba ta da rabo a kimiyya, ko da yayarta ta ci amanar adashinsu, da duniya ta yi babbar asara. A nan Gesse da Argungu da sauran garuruwan bakin Gulbin Rima akwai 'yan mata masu irin wannan kai, kuma asibitocinmu suna bukatar likitoci mata da masu bincike. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u ba baƙuwa ba ce ga ilimin mata.